Azare da Katagum: Ƙasar da Ruwanta Ya Sake Hali

Matafiyin da ya bar Azare da bazara ya nufi arewa zuwa tsohon garin Katagum zai tarar da kogin Jama'are ya koma filin rairayi, sai 'yan kududdufai nan da can, inda makiyaya ke tona rami su shayar da dabbobinsu. Wanda ya biyo a watan Agusta kuwa sai ya nemi kwalekwale. Haka kogin yake tun fil azal. Abin da ya sake shi ne, a yanzu da wuya manomi ya ce ga lokacin da ruwa zai kawo, ko ga inda zai tsaya.

A bakin wannan kogi ne Malam Ibrahim Zaki ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, nan kuma Baturen Birtaniya Clapperton ya sauka a 1824. Da aka mai da gadon sarauta Azare a 1916, sai masarauta ta koma garin da ba shi da babban kogi, wanda shan ruwansa ya dogara ga rijiyoyi, a yau kuma ga burtsatse.

Kogin yana tasowa ne daga duwatsun Jos, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya haɗu da na Haɗeja su zama Komadugu Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Farin 1973 da na 1984 sun nuna wa jama'a iyakarsa, domin a tsakanin nan ne tafkin, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963, ya tsuke ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Daga baya damina ta farfaɗo, amma da wata ɗabi'a dabam: a yi kwanaki ba ɗigo, sa'an nan a kwarara kamar da bakin ƙwarya. A 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Zaki da Gamawa, a watan Agustan 2024 kuma ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri tsakanin Jama'are da Azare.

To, mai karatu zai ce ai ruwa ya samu. Sai dai ruwan da ke amfanar rijiya shi ne wanda ya kwanta a fadama sannu a hankali ya tsuma ƙasa. Wanda ya zo da ƙarfi yakan kwashi ƙasar noma ya wuce, ya cika rijiyoyi da ƙazanta, abin da ya saura kuma zafin rana, da ke ƙaruwa, ya shanye shi.

Saboda haka ne maganar madatsar Kafin Zaki ba ta mutuwa. An fara aikin a farkon shekarun 1980, aka tsayar a 1984, aka farfaɗo da shi a 1992, aka sake tsayarwa bayan shekara biyu. Mutanen Bauchi na ganin za ta tare ambaliya ta ba su noman rani. Na Yobe da Borno kuwa tsoronsu ba na banza ba ne, tun da sun ga yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru ke rayuwa da ita, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Jama'are ne kaɗai babban reshen da ba a datse ba, shi ne kuma ke kai mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa.