Sonargaon: inda masaƙi ke yanka wa kayansa kuɗi

Idan fatauci ya kai ka Dhaka, babban birnin Bangaladash, a ƙarshen Janairu, kada ka tsaya kan dilolin tufafin masana'antu kaɗai. Kamar kilomita 30 daga birnin akwai Sonargaon, inda mai zane Zainul Abedin ya kafa cibiyar raya sana'o'in gargajiya a 1975. Duk shekara akan baje koli a harabarta na wata guda.

Rumfa-rumfa za ka tarar da jamdani, lallausan yadin auduga da akan saƙa da hannu, wani ya ci makonni, wani watanni. UNESCO ta sa saƙarsa cikin al'adun duniya a 2013. Ga nakshi kantha, mayafin da mata ke ɗinkawa da tsofaffin zannuwa, ga tabarma mai sanyi ta Sylhet.

Masaƙa da yawa dillali ke ba su zare bashi, shi ne kuma ke yanka farashi. A nan kuwa mai sana'a da mai saye ido da ido ne. To Alhaji, yi tayinka, amma kafin ka ce "rage mini", tambaye shi kwana nawa ya yi yana saƙar.