Turken ƙarfe mai fuska huɗu, da abin da masu walda na Kurfey za su ɗauka a ciki

Yau maganata a kan riƙon ƙarfe ce.

Kowa ya san maƙeri ba ya ɗora ƙarfe bisa uwar maƙera sai ya kama shi da awartaki. In riƙo ya yi sako-sako, masaba ta sauka inda ba a nufa ba, hauya ta fito a karkace. To haka abin yake har a manyan masana'antu. Inji komai tsadarsa, in ƙarfen da yake sassaƙa ya motsa ko da kaurin gashi ne, aiki ya ɓaci.

Na yi shekaru ina aikin ƙarfe a wata masana'anta a Legas, kuma a can na fara ganin injin sassaƙar ƙarfe mai kwantaccen baki. Injin huji da muka saba gani a garaji daga sama yake saukowa. Shi wanga bakinsa a kwance yake, daga gefe yake cin ƙarfe. Shi ya sa ake tsayar masa da wani gungumen ƙarfe bisa teburi mai juyawa, a ɗaɗɗaure kayan aiki a jikinsa. Masu Ingilishi suna ce masa dutsen kabari don yadda yake tsaye. Ni sunan bai kwanta mini ba, turke nake ce masa, tunda amfaninsa ke nan: abu guda a kafe, an ɗaure da yawa gare shi.

Turken nan galibi na zubin ƙarfe ne, mai nauyi, don ya shanye girgiza. Akwai mai fuska 2, akwai mai fuska 4. Yana zama bisa faranti mai faɗin milimita 400 ko 500, jikinsa duk ramukan bulon ne a jere. In ka ɗaure guda 4 a kowace fuska, ka ga guda 16 ke nan a shiga ɗaya. Inji ya gama da fuska guda, teburi ya juya digiri 90, ya kama ta gaba. Da juyin nan kuma yake kai wa gefe 3 na kowane ƙarfe ba tare da an kwance shi ba, alhali duk kwancewa da sake ɗaurewa ƙofar kuskure ce. Ɓarɓashin ƙarfe ma ƙasa yake zuba da kansa, ba ya taruwa inda ake yanka. Sannan sau da yawa faranti biyu ne: ɗaya na ciki ana aiki, ma'aikaci na waje yana lodin na biyun.

Wani tsohon ma'aikaci da ya koya mini, Bakatsine, yakan ce: "Yaro, murhu duwatsu nawa gare shi?" In ce uku. Ya ce to ƙarfe ma haka: wuri 3 zai zauna a kai daga ƙasa, ya jingina da wuri 2 ta gefe, ya tokari wuri 1 ta ƙarshe, sannan a matse. Mai nauyi a sa shi ƙasan turke, don sama ta fi rawa. A goge mazauni kafin a ɗora, a kuma yi hankali da matse siririn ƙarfe, don yakan lanƙwashe, in an sake shi rami ya goce.

Na san wani zai ce: malam, mu da muke fama da wuta, ina mu ina wanga inji? Gaskiya ne, ba gobe za a sauke shi a Filinge ba. Amma dabarar ba ta bukatar miliyoyi. Ku dubi abin da ke faruwa in amalanke ta karye ko wani ƙarfe na injin niƙa ya tsage. A ƙera sabo a gari, a zo ɗaurawa, ramuka ba su hau ba. Sai a faɗaɗa rami, bulon ya riƙa wasa, bayan wata biyu ya sake karyewa. Ko kuwa a ɗauki hanyar Yamai, wajen kilomita 180, kuɗin mota ya fi kuɗin ƙarfen, mata kuma sun koma ga turmi har a dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ke koyon aiki. Sau nawa kuka ga yaro ya danne faranti da hannu, ko ya taka da ƙafa, ana huda shi? In bakin huji ya kama, farantin juyawa yake kamar wuƙa. Yatsan da ya tafi ba ya dawowa.

To ga shawarata gare ku, iyayen gidanmu masu garaji. Ku samu guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai kauri, ku walda masa ƴan turaku inda faranti zai tokara, ku yi masa abin matsewa da bulon. Fuska guda ta ƙafar amalanke, guda ta maratayin ƙofa, guda ta teburin ƴan lakwal. Tunda injinmu daga sama yake huji, sai a riƙa kifa fuskar da ake so tana kallon sama, a ɗaure shi kansa ga teburi. Yini guda za ku ɓata wajen haɗa shi, amma faranti na 40 zai fito daidai da na farko, ko da yaro ne ya huda, kuma hannunsa na nesa da baki.

Iyaye masu kai ɗiyansu koyon walda, in kun je gaida maigidan, ku leƙa ku ga da me ake riƙe ƙarfe a wurin. Allah ya tsare hannun masu nema, ya sa albarka a sana'a.