Tazarar da ke tsakanin fushi da hannu

Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk yaron da ya tashi a ƙasar Kurfai ya ji wannan magana a bakin kakarsa tun bai san baƙi ba, amma ƙalilan ne suka san cewa can gabashin duniya akwai miliyoyin mutane da suka kafa rayuwarsu kacokan a kan abin da ya yi kama da ita. Wanda ya koya masu shi ne Siddatta Gotama, ɗan sarauta da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Yana da shekara 29 ya bar gidan ubansa, yana da 35 ya ce ya gano bakin zaren, daga nan aka riƙa kiransa Budda, wato wanda ya farka. Koyarwarsa ta tsaya a kan ginshiƙi huɗu: rayuwa ba ta rabuwa da wahala, tushen wahalar shi ne ƙishin rai da ba ya ƙoshi, ana iya kashe wannan ƙishi, kuma akwai hanyar da ake bi a kashe shi.

A Damana, babban garin Tondikandiya da ke cikin kwarin Dallol Boso, babu wurin ibadar mabiya Budda, babu mai yawo da kyallen rawaya yana bara da akushi. Amma akwai wani tsohon malamin lakwal, Bakurfaye haifaffen Filinge, wanda aiki ya kawo cikin Zabarmawa ya zauna har ya yi furfura, kuma wani yanki na wannan koyarwa ya ratsa rayuwarsa, ya sauya masa hali ta yadda duk wanda ya san shi da ƙuruciya yake mamaki.

A farkon aikinsa an san shi da zafin hannu. Tsumagiya ba ta barin teburinsa. Yara sun shigo aji da Zabarmanci ko Hausa a bakinsu, ana neman su karanta Faransanci, wanda ya yi tuntuɓe da harafi sai ya sha duka. Iyaye ba su ga laifi ba, domin haka aka yi wa kowa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi kansa ya ɗauka cewa tsoron da yara ke yi masa shi ne girma.

Cikin wani dogon hutu a farkon shekarun 1990, ya tsaya wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi a Yamai, ya sayi wani ƙaramin littafi na Walpola Rahula, malamin addinin Budda ɗan ƙasar Siri Lanka, wanda ya fito da Ingilishi a 1959 aka kuma mayar da shi Faransanci. Arha ce ta sa ya saye shi. Abin da ya kama shi a ciki wata ƴar dabara ce mai kama da wasan yara: mutum ya zauna ya miƙe baya, ya sa hankalinsa ga numfashinsa, shigarsa da fitarsa, duk lokacin da tunani ya ɗauke shi ya komo da shi ba tare da faɗa ba. Ya fara gwadawa bayan sallar asuba, a kan buzunsa, kafin mata su fara daka. Makon farko bai iya ƙirga numfashi goma ba sai bashin mai kanti ko maganar sufeto ta faɗo masa. A nan ya fara gane cewa zuciyar da yake tsammanin yana riƙe da linzaminta ita ce ke jan sa kamar raƙumi da akala.

Canjin bai zo da ganga ba. Bayan watanni ya lura cewa fushi yana da matakai kamar hadarin damina: ƙirji ya fara ɗumi, muƙamuƙi ya ɗaure, numfashi ya gajarta, sa'an nan hannu ya tashi. Da, duk wannan abu ɗaya ne a gare shi, kamar walƙiya. Yanzu ya fara ganin ƴar tazara tsakanin tashin zuciya da tashin hannu, tazarar da ba ta wuce numfashi biyu ba, amma ta isa mutum ya tambayi kansa abin da yake shirin yi. Cikin wannan tazara ne ya fara ganin yaron da ke gabansa: wannan bai karya kumallo ba, wancan tun da duhu ya kai awaki rijiya, waccan kuma ba ta hangen allo sosai. Tsumagiya ta koma bayan kabad, daga baya gara ta cinye ta. Wasu iyaye suka zo ƙorafi cewa Mushe ya yi sanyi, yara za su lalace. Yaran ba su lalace ba. Abin da ya faru shi ne waɗanda ba su taɓa ɗaga yatsa ba suka fara ɗagawa.

Zamanin kuwa ba na sauƙi ba ne. Albashin ma'aikata yana yin watanni bai zo ba, kuma a watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin sukari, kananzir da magani ya haura. Ya daɗe yana mafarkin babur irin na abokin aikinsa da gidan siminti a Filinge, har barci ya kan gagare shi. Da ya saba kallon zuciyarsa, sai ya ga buri yana zuwa ya yi ƙarfi ya kuma wuce in ba a ba shi abinci ba, kamar baƙon da aka ƙi shimfiɗa wa tabarma. Talaucinsa bai ragu ba ko da dala ɗaya. Sai dai ya daina ƙara wa talaucin nauyin hassada, kuma ya daina cin bashi don a gan shi ranar salla.

Zaman shirun nan bai ɓoyu ba, gari ƙarami ne. Aka fara raɗe-raɗin cewa Mushe ya shiga wani addini na Indiyawa. Limamin unguwa ya kira shi bayan la'asar, ya ce: «Mushe, me kake karantawa in ka rufe ido?» Ya ce: «Allah gafarta Malam, ba na karanta komai. Zuciyata nake tsaro, kamar yadda ake tsaron gona daga tsuntsaye.» Liman ya yi shiru, sa'an nan ya tuna masa cewa Manzon Allah ya hori mai fushi ya zauna in yana tsaye, ya kishingiɗa in yana zaune, ya yi alwala, kuma ya bayyana cewa jarumi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ya kawo masa labarin Ibrahim ɗan Adhama, wanda littattafan sufaye suka ce ya bar sarautar Balka ya zaɓi zuhudu a ƙarni na 8. Balka ɗin nan, a arewacin Afganistan ta yau, tsohuwar cibiyar mabiya Budda ce kafin zuwan Musulunci, abin da ya sa masana tarihi suka daɗe suna kwatanta labaran mutanen biyu. Liman ya rufe da gargaɗi: ya kiyaye tauhidinsa.

Ya kiyaye. Koyarwar Budda ba ta kafu a kan Mahalicci ba, kuma tana cewa ana sake haihuwar halitta sau da yawa. Waɗannan ya bar su a cikin littafi. Daga ƙa'idodi biyar na mabiya wannan hanya, huɗu ya riga ya same su a gida: barin sata, zina, ƙarya da maye. Ta biyar, hana kashe duk mai rai, bai ɗauke ta duka ba, domin yana yanka ragonsa na layya kowace shekara, amma ya hana ƴan ajinsa harbin ƙadangaru da danƙo don nishaɗi. Mabiyin Budda na ainihi zai ce reshe kawai ya karya ya bar itacen, shi kuma bai taɓa musun haka ba.

Wadda ta fi kowa tsananta masa tambaya ita ce uwargidansa. A yunwar 2005, bayan fari da fara sun cinye amfanin daminar 2004, rumbu ya ƙare, shi kuma yana nan da sanyin fuskarsa. Ta ce: «Maigida, wannan haƙuri ne ko mutuwar zuciya?» Tambayar tana da nauyi, domin natsuwa tana iya zama mafakar rago, mai cewa komai mai wucewa ne alhali ƴaƴansa na kuka. Amsarsa ta fito a aikace: ya sayar da rediyonsa da babbar rigarsa, ya auno hatsi, ya raba da maƙwabciyar da mijinta ya tafi cin rani kurmi. Haka kuma bai taɓa ƙin shiga yajin aikin malamai ba, sai dai ba a ji ya zagi kowa ba. Tarihin wannan hanya ma bai ce a sunkuya wa zalunci ba: ranar 14 ga Oktoba 1956, a birnin Nagpur na Indiya, Ambedkar ya jagoranci dubban ɗaruruwan mutanen da ake ƙyamar taɓawa suka karɓi addinin Budda, domin su fita daga ƙasƙancin da aka gadar masu.

Yau ya ajiye alli. Matasan malamai kan zo gaishe shi, su koka da cunkoson aji, da jinkirin biya, da fargabar da rashin tsaro ya shuka a jihar Tilaberi har aka rufe makarantu da dama. Ba ya ba su littafin, ba ya kuma ambatar sunan Budda sai an tambaye shi. Yakan ce da su kawai, in yaro ya ɓata masu rai, su ja numfashi biyu kafin su motsa hannu, su dubi idon yaron, sa'an nan su yi abin da suka ga ya dace.