Abin da mesa ta koya mini

Na yi shekaru ina koya wa ɗalibai cewa a dukkan macizai kromosom ɗin uwa ne ke ƙayyade jinsin ɗa: mace ZW, namiji ZZ, kamar tsuntsaye. Littafin Susumu Ohno na 1967 ya ƙarfafa wannan fahimta, kuma a kububuwa da gamsheƙa haka abin yake. Amma a mesa kromosom biyun ba sa bambantuwa a madubin likita, sai aka yi mata kuɗin goro. A 2017 Tony Gamble da abokan aikinsa suka gano XY, irin namu, a mesar Bama. Washegarin da na karanta, na gyara darasin a gaban aji. Waɗanda suka riga suka kammala fa, wa zai gaya musu?