Har Sai Abin da Hali Ya Yi

Mu mutanen Karaye da Rogo ba mu da iyaka da Nijar. Idan muka fita daga jihar Kano ta ɓangarenmu, ƙasar Katsina ko ta Zazzau muke faɗawa, kuma kafin mutum ya kai Jibiya ko Kongolom sai ya ci tafiyar awanni. Amma masarar da muke nomawa ta fi mu sanin hanya. Daga gona ta shiga kasuwar ƙauye, daga nan a loda ta zuwa Dawanau, wani kaso kuma ya wuce Maraɗi da Damagaram. Ragon layyar da muke tayawa kuwa, sau da yawa ta wannan hanyar ya gangaro kudu. Shi ya sa tun ranar 28 ga Janairu, 2024, da Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fice daga ƙungiyar ECOWAS, maganar ba ta bar majalisunmu ba. A yi ta bayan la'asar, a ɗora bayan isha'i. Mu da aiki ya zaunar a birni, in mun zo gida ƙarshen mako sai mu tarar an ajiye mana namu kason gardamar.

Mafarin rigimar sananne ne. Ranar 26 ga Yuli, 2023 dogaran fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka ba sojojin wa'adin mako guda, suka rufe iyakoki, suka ce in ta kama za a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita. An janye takunkumin a Fabrairun 2024, an buɗe iyaka a Maris, amma zuciya ta riga ta ɓaci. Dokar ƙungiyar ta ce mai fita ya ba da sanarwar shekara guda, don haka ranar 29 ga Janairu, 2025 fitar ta tabbata. Ƙasashen uku suka tsaya a ƙawancensu na AES, wanda suka kafa a Satumban 2023.

Yawancin matasanmu suna bayan Nijar, kuma ba su rasa hujja ba. Suna cewa ƙungiyar da ta kashe maka wuta, ta tare maka abinci da magani a kan iyaka, ta ce za ta kawo maka yaƙi, wane zumunci ya rage tsakaninku? Suna tambaya ina ƙungiyar take a 2020, lokacin da Alassane Ouattara da Alpha Condé suka zarce wa'adi na uku a Kwaddibuwa da Gini. Suna tambaya me ta tsinana wa ƙauyukan Tillaberi da Diffa a shekarun da 'yan bindiga ke kashe mutane. Ga su kuma sun ga sojojin Faransa sun tattara nasu sun bar Nijar a Disambar 2023, abin da da yawa ba su zaci za su gani da idonsu ba. A wurinsu maganar ta mutunci ce, kuma mu nan mun san zafin irin wannan magana. A 2019 aka ba Karaye masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe ta, aka dawo da ita mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo kaɗai. Mun ga yadda aminai suka daina gaisawa a kan wannan, alhali ko sisin kwabo bai ƙaru ko ya ragu a kan buhun kowa ba.

Dattawa da dillalan hatsi kuma lissafi suke yi. Nijar ba ta da teku. Shinkafar waje da magani da kayan gyaran mota duk sai sun bi ta tashar jirgin ruwan wata ƙasa, kuma Kwatano da Lome da Legas da Tema duk suna cikin ECOWAS. Da Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, sai kaya suka koma zagayawa daga Lome ta cikin Burkina Faso, motoci suna jiran rakiyar soja, kuma mai saye a kasuwar Yamai shi ke biyan kuɗin wannan zagaye. Suna tuna mana da 'yan Nijar da ke neman abinci a Kano da Legas da Akara da Abijan, masu shayi da masu gadi da masu ga-ruwa, waɗanda iyalansu ke jiran abin da za su aiko. Suna kuma tsokanar matasan da cewa har yau kuɗin sefa ake kashewa a ƙasashen uku, kuɗin da aka ɗaure darajarsa da ta Yuro.

An daɗe ana wannan ja-in-ja kowa na maimaita nasa, har wani yammaci da wani ƙaninmu ya ce wa wani dattijo mai sayen hatsi: "Baba, to ai ga shi sun fita, kuma ba abin da ya faru. Motoci na wucewa, mutane na shiga suna fita."

Dattijon ya ce: "Suna wucewa kam, ɗana. Amma ka tambayi direban, da izinin wa yake wucewa?"

Wannan tambayar ita ce ta sa muka koma muka karanta abin da hukumomin suka ce da bakinsu. A ranar da fitar ta tabbata, ECOWAS ta fitar da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku masu tambarin ƙungiyar, a bar su su shiga ba biza, kayansu kuma su ci gaba da cin rangwamen kuɗin fito kamar da. Sai dai ta ɗaura sharaɗi: har sai abin da hali ya yi. Su ma shugabannin AES, a Disambar 2024, sun ce 'yan ECOWAS su shigo ba biza, amma sun riƙe ikon mayar da wanda ba su aminta da shi ba. Ashe abin da ya canza ba ya ganuwa a kan titi. Tun 1979 akwai yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza. Wannan haƙƙi ne, a rubuce, da sa hannun gwamnatoci. Abin da ke tsakaninmu da Nijar yanzu alfarma ce, kuma mai alfarma yana iya janye ta da safe ba tare da ya yi wa kowa bayani ba.

Mun ɗanɗana yadda hakan yake. A Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi da wake zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. A Mayun 2025, ana shirin babbar Sallah, ta hana fitar da dabbobi don farashi ya sauka a cikin gida. Mai saye a Yamai ya ji daɗi. Makiyayin da ya shekara yana kiwo da niyyar sayarwa a Maigatari ko Illela ya rasa kasuwar da ta fi yi masa tsoka, mu kuma muka tarar da ragon ya fi ƙarfin aljihun da yawa daga cikinmu.

A nan ne matasan ke samun bakin magana, kuma dole a ba su gaskiyarsu. Haƙƙin da ake ta yabo, wa ya fi taka shi? A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020, kuma a lokacin Nijar cikakkiyar 'yar ƙungiya ce. A farkon 2024, da abinci ya yi tsada, jami'an kwastan namu sun riƙa tare manyan motocin hatsi da suka nufi iyaka. A 1983, shekara huɗu kacal bayan yarjejeniyar zirga-zirga, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu fiye da miliyan guda, cikinsu har da 'yan Nijar. Duk direban da ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi zai gaya maka shinge nawa ya tsaya, kuma ba takardar ECOWAS aka tambaye shi ba.

Duk da haka, haƙƙin da ake takawa ya fi wanda babu shi, domin wanda aka zalunta yana da abin nunawa da wurin kai kuka. Wata mata daga yankin Ƙonni, Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya, ta kai gwamnatin Nijar ƙara a kotun ECOWAS. A 2008 kotun ta ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gaskiya ne kotun ba ta da ɗan sanda: a Disambar 2023 ta ce a saki Bazoum, ba wanda ya saurare ta. Amma talakan Nijar da kotunan gida suka juya wa baya yana da wannan ƙofar a da, yau kuma an rufe ta, kuma ba a tambaye shi ba. Ba a kaɗa ƙuri'a a kan fitar ba a ko ɗaya daga cikin ƙasashen uku.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun saba da wani abu makamancin wannan. Idan tsari ya shekara da shekaru yana aiki, sai aka zare wani ɓangare nasa, ba ranar yake faɗuwa ba. Komai zai yi kamar lafiya lau. Sai bayan watanni matsaloli su riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, a wuraren da kowa ya manta cewa sun jingina da abin da aka cire, kuma mai amfani da manhajar can ƙarshe shi ke fara cin karo da su. Wannan bai sa zarewa ta zama laifi ba, wani lokacin ɓangaren ya ruɓe ne, dole a cire shi. Ƙa'idar ita ce kafin ka cire, ka lissafa duk abin da ya dogara da shi, ka tanadi madadin kowanne. Birtaniya ta kaɗa ƙuri'ar fita daga Tarayyar Turai a 2016, amma sai ƙarshen 2020 ta kammala yarjejeniyar ciniki mai fiye da shafi 1,000, kuma har yau ana gardamar ko ta ci riba. Muritaniya ta bar ECOWAS a 2000, ta dawo a 2017 ta sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar. Duk wanda ya fita, ƙarshe sai ya zauna ya rubuta yadda zai yi hulɗa da maƙwabtan da ba zai iya ƙaura ya bari ba.

Saboda haka mun daina ganin amfanin tambayar ko Nijar ta yi daidai ko ta yi kuskure. Wannan hukuncin mutanen Nijar ne, su za su yanke shi idan an ba su dama. Abin da ya shafe mu shi ne a mayar da alfarma ta koma haƙƙi, ko a cikin ECOWAS ko a wajenta. Kuma akwai inda za a fara. Tun 1971 Najeriya da Nijar suke da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, ta girmi ECOWAS da shekara huɗu. A Afrilun 2025 ministan harkokin wajenmu, Yusuf Tuggar, ya je Yamai ya zauna da takwaransa, a Mayu kuma ECOWAS da AES suka yi zaman farko a Bamako. Ana kuma shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ba zai amfani kowa ba in kowace gwamnati na iya rufe ƙofa ranar da ta ga dama.

Buƙatunmu ba su da yawa. A rubuta a fili wace takarda mutum zai nuna a Magama ko Kongolom ya wuce, a kafe ta a bango da Hausa. A rubuta nawa ne kuɗin fiton buhu da na kan dabba, a ba da rasit. Duk gwamnatin da za ta hana fitar da hatsi ko dabbobi ta ba da sanarwa da wuri, domin manomin Rogo tun kafin ruwa ya sauka yake yanke shawarar yawan masarar da zai shuka da bashin takin da zai ci, mai noman rani a bakin madatsar Challawa ma haka. Sannan a samar da inda ɗan kasuwar da aka ƙwace wa kaya a kowane ɓangare zai kai ƙara a saurare shi.

Karaye da Rogo kujera ɗaya muke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma jiharmu na da sanatoci uku. A Agustan 2023, da sanatoci suka ƙi amincewa a kai soja Nijar, malamai da sarakuna kuma suka yi ta kai-komo zuwa Yamai, mun ga cewa muryar Arewa tana da nauyi a wannan magana. Idan masu neman ƙuri'a suka zo, bayan mun tambaye su titi da taki da asibiti, mu ƙara musu da wannan: me aka rubuta tsakaninmu da Nijar, wa ya sa hannu, kuma yaushe za a karanta mana?