Lissafin man jirgin alhazai a wani zaure na Kwarbai

Daga Kaduna na shiga motar Zariya da sassafe, na sauka a Ƙofar Doka, ɗan adaidaita ya ratsa da ni cikin birni har Kwarbai, kusa da fadar Sarkin Zazzau. Wanda na zo nema dattijo ne da ya yi karatu a kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Bai taɓa tuƙa jirgi ba. Aikinsa, har ya yi ritaya, shi ne lissafa man da za a ɗura wa jiragen shata, galibi na jigilar alhazai.

Muka gaisa a zaure, aka kawo ruwa. Na ce, "Baba, tan nawa jirgin alhazai ke sha kafin ya kai Jidda?" Ya yi dariya, ya jawo takarda da biro.

Ya ce daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, tafiyar awa huɗu da rabi idan hanya ta miƙe. Boeing 747-400, mai inji huɗu, irin wanda kamfanin Max Air ke kwasar maniyyata da shi, yakan ƙone wajen tan 10 a kowace awa. Da kilo ake lissafin, domin nauyi ne ke damun matuƙi, amma tan 10 ɗin nan a lita ya kai 12,500. A awa huɗu da rabi, tan 45 ke nan na hanya kawai. Sai ya fara ɗorawa: na gangarawa zuwa titin tashi, kashi 5 cikin 100 na ko-ta-kwana, wanda zai kai jirgin wani filin kamar Madina idan Jidda ta ƙi saukuwa, da na minti 30 na ƙarshe, wanda doka ta ce a sauka da shi a tanki.

Inda ya fi daɗewa shi ne maganar tsufan jirgi. Alƙaluman da ke littafin kamfanin Boeing na sabon jirgi ne, kuma wannan samfurin tun 1989 ya fara aiki. Inji na cinyewa, jiki na samun faci, ƙofofi na saki, kowanne yana ƙara shan mai. Don haka kowane jirgi da nasa ƙarin, wanda ake fitarwa daga abin da ya sha a tafiye-tafiyensa na baya. Ga kuma wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba: man ma kaya ne, sai an ƙona wani kafin a ɗauki wani. Shi ya sa ba a cika tanki haka kawai.

Jirgin alhazai kuwa cike yake tafiya, ya dawo ba fasinja don ɗibar wani sahu, kuma man dawowar yana cikin kuɗin kujera. Da yaƙi ya rufe samaniyar Sudan a Afrilun 2023, sai da aka yi zagaye, kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci.

Da na tambaye shi ko mai ya taɓa ƙare wa jirgin shata, sai ya tuna mini 18 ga Satumban 1994. Jirgin BAC 1-11 na Oriental Airlines ya ɗauko 'yan ƙwallon Iwuanyanwu Nationale daga Tunis, ya isa Tamanrasset ta Aljeriya ba a ganin gaba sosai, ya yi ta kewaye yana neman sauka har mai ya ƙare. Mutum biyar suka rasu.

Bayan la'asar na kama hanyar Kaduna. A ganina tsohon jirgi a wurin saye kaɗai yake da araha, shan mansa kuwa alhaji ke biya. Ya kamata hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, duk shekarar da ta bayyana kuɗin kujera, ta faɗa wa maniyyata nawa ne kuɗin mai a ciki, da kuma shekarun jirgin da zai ɗauke su.