Ɗan Lulluɓi

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari da Tambuwal ya san da wuya matafiyi ya sauka daga mota hannu rabbana. In bai riƙo burodi ba, to ya riƙo biskit, ko kuwa naɗin nan na fulawa mai dakakken nama a ciki, irin Gala da kamfanin UAC ya fara fitarwa tun 1962. Wannan ita ce tsarabar zamani, kuma ita yara ke hange tun kafin su ce wa baƙo sannu da zuwa. To, a wani gida a Mandera, cikin ƙasar Shagari, akwai wani yaro ɗan shekara 7 wanda ranar tsaraba ta zame masa ranar kuka, har sai da kakarsa ta shiga maganar.

Tun bayan yaye yaron nan bai ga daidai ba. Cikinsa kullum a kumbure, zawo ba ya yankewa, ga rama, har ƙanensa ya kamo shi a tsawo. Aka ce haƙori ne, aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe, amma shiru. Sai da aka kai shi asibiti a Sakkwato, aka auna jininsa, aka kuma duba hanjinsa, sannan likita ya ce alkama ce ba ta karɓe shi ba. Cutar ana kiranta siliyak. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo, wato gulutin, wanda shi ke sa kwaɓin fulawa ya miƙe ba tare da ya tsinke ba. In mai wannan cuta ya ci shi, sai garkuwar jikinsa ta far wa bangon ƙaramin hanjinsa, ta yadda abinci zai wuce bai amfani jiki ba. Maganinta ɗaya ne, a bar alkama da duk abin da aka yi da ita har iyakar rai.

Uban yaron ya yi mamaki ƙwarai, domin a zatonsa wannan ciwon Turawa ne. Gaskiya ne a Turai aka gano sanadinsa. Wani likitan yara a ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura cewa a yunwar da aka yi can a 1944 zuwa 1945, lokacin da burodi ya yi wuya, yara masu wannan ciwo sun sami sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo. Ya rubuta bincikensa a 1950. Amma ciwon bai san launin fata ba. Ana ƙiyasta cewa yana kama kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya, kuma wani bincike da aka buga a 1999 ya same shi a jikin fiye da yara 5 cikin 100 na Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara.

Da farko abin ya zo da sauƙi, domin gidan Bahaushe ba da alkama ya dogara ba. Gero da dawa da shinkafa da masara duk ba su da gulutin, saboda haka tuwo da fura da kunu ba su zama abin tsoro ba. Burodi da taliya da fanke da cincin da alkaki su ne aka haramta masa. Cikin 'yan watanni yaro ya murmure, kumatu suka fito. Sai kuma ga zawo ya dawo. Uwarsa ta rantse ba ta ba shi komai ba, aka binciki tukunya da rariya ba a ga laifi ba. Kakar ce, da ta zo wanke masa rigar makaranta, ta tsinci ɓarɓashin fulawa a aljihu. Ashe ɗan waken da ake zuba masa a kwano yake musanyawa da gutsuren naɗin abokansa.

Uban ya ɗauko bulala, tsohuwa ta tare. Da dare ta jawo jikan nata, ta kira shi da sunan wasan da kakanni ke kiran jikokinsu maza, ta ce, "Maigida, mi yas sa kaka cin abin da ka kashe ka?" Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Kaka, kowa na ɓare nashi shina ci da hannu, ni kaɗai ka buɗe kwano. Suna ce mini mai ciwo." A nan tsohuwa ta gane cewa abin da ke damun jikanta ya wuce kwaɗayi. Yaro yakan jure yunwa, amma da wuya ya jure a ware shi. Wa'azi da bulala ba za su yi maganin wannan ba. Abin da yake bukata shi ne wani abu da zai riƙe a hannu, ya ɓare, ya gutsura wa aboki, kamar yadda kowa ke yi.

Tsohuwar ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta shafe fiye da shekara 50 tana tuƙa tuwo. Ta sa aka sayo mata naɗin guda ɗaya, ta ɓare shi, ta dube shi ciki da bai, ta ce ai wannan nama ne kawai aka yi wa lulluɓi. Ba ta yi kuskure ba, domin ko Amurkawa, waɗanda ke naɗe tsiransu cikin kwaɓin fulawa su gasa wa yara, da bargo suke kwatanta kwaɓin. Matsalar ita ce da me za a yi lulluɓin.

Ta fara da garin gero, tun da shi ta fi sani. Kwaɓi ya ƙi naɗuwa, da an lanƙwasa sai ya tsage, domin abin da ya sa gero bai cutar da yaron shi ne kuma ya hana shi danƙo. Dawa ma haka. Ta koma ga ƙullun ƙosai, shi kuwa ya yi ruwa, nama ya zame ya bar shi cikin mai. Sai ta tuna da ɗan wake, wanda tun tana yarinya ake yin sa da garin rogo da na wake da kuka da kanwa, kafin masu sayarwa su koyi ƙara masa fulawa. Ta gwada wannan kwaɓi, ya kama, amma kuka ta mai da shi kore. Yaro ya dube shi ya ce shi ba zai kai wannan makaranta ba. Tsohuwa ta yi dariya ta ce maigida ya faye tsirfa, amma ta karɓi hukuncin.

A karo na huɗu ne ta dace. Ta bar gari ta koma ga ɗanyen rogo, irin mai daɗin nan da ake dafawa a ci da ƙuli-ƙuli. Ta feraye shi, ta wanke, ta dafa shi har ya yi laushi sosai, ta zubar da ruwan, ta zare jijiyar tsakiya, ta kirɓa shi a turmi tun da zafinsa kamar sakwara. Sitacin rogo in ya dahu yana da danƙon kansa, shi ya tsaya a madadin na alkama. A kan kashi 3 na rogo ta zuba kashi 1 na dafaffen dankalin Hausa saboda zaƙi da launi, da ɗan garin surfaffen wake don kwaɓin ya yi ƙarfi, da ƙwai 1, da gishiri. Naman kuwa ta dafa shi tukuna da albasa da citta da ɗan daddawa, ta daka, ta mulmula shi tsawon ɗan yatsa. Ba ta sa attarugu ba, tattasai kaɗai ta sa, saboda bakin yara. Ta shafa mai a tafin hannu, ta faɗaɗa kwaɓi, ta ɗora nama, ta naɗe, ta soya cikin man gyaɗa da wuta kaɗan-kaɗan har ya yi ja.

Abin da ya fito ba shi da ko ƙwayar hatsi ɗaya, kuma duk kayansa na kasuwar ƙauye ne. Ba abin mamaki ba ne, tun da Nijeriya ce ke gaba a duniya wajen noman rogo da wake. Shi rogon ma baƙo ne, Turawan Fotugal suka kawo shi Afirka daga Barazil a ƙarni na 16. A can yankin da ya fito, a Kolombiya da Panama, har yau ana kirɓa dafaffen rogo a cusa masa nama a soya. Tsohuwar Mandera ba ta taɓa jin sunan waɗannan ƙasashe ba, turmi ne ya kai ta inda ya kai su.

Sai dai aikin yana da sharuɗɗa, kuma ta kiyaye su. Rogo mai ɗaci yana da dafi, ba a yin wannan da shi, ko mai daɗin ma sai an feraye an dafa sosai. Waken a gida take daka shi, domin injin da ya niƙa alkama yakan bar saura. Man da aka soya fanke ba ya komawa kaskonta. Ɗunƙulen miya da kayan gwangwani kuwa sai an karanta abin da aka rubuta a jikinsu, saboda wasu da fulawa ake haɗa su. Nama ba kullum ake samu ba, ranar da babu sai ta naɗe dafaffen ƙwai ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Kuma abin ba ya kwana, in ya huce da yawa yakan yi tauri, don haka da asuba take yin sa.

Ranar da yaron ya fara tafiya da shi makaranta, a naɗe cikin takarda, ya dawo hannu wofi yana cewa gobe a ƙara, abokansa sun cinye masa rabi. Su ne ma suka raɗa masa suna. Bahaushe ya saba sa wa ƙananan abinci suna da "ɗan", kamar ɗan wake da ɗan malele, sai yaran suka ɗauki kalmar tsohuwar suka ce ɗan lulluɓi. Kalmar alkama daga Larabci aka aro ta, fulawa da burodi daga Ingilishi, amma wannan suna a Mandera aka haife shi. Musanya ta ci gaba a filin makaranta, sai dai yanzu shi ke bayarwa, kuma ya koyi cewa a'a in an miƙo masa nasu.

Ya kamata a yi hattara, ba kowane zawo ne siliyak ba, kuma ba daidai ba ne a hana yaro alkama a kan zato. Likitoci sun fi son a yi gwaji tun yaro yana cin ta, domin in an daina kafin gwaji alamar takan ɓuya. Amma in ciwon ya tabbata, takardar likita iyakarta ta faɗi abin da za a bari. Abin da za a ci a madadinsa, da yadda yaro zai ci shi cikin 'yan'uwansa ba da kunya ba, wannan aikin gida ne, kuma sau da yawa masaniyarsa tana wurin tsofaffin da ba a tambaya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ciwon yaron bai warke ba, kuma ba zai warke ba. Wata rana zai tafi makarantar kwana, inda burodi da shayi ne karin kumallo, kuma kakarsa ba za ta bi shi ba. Ita ma ta san da haka. Shi ya sa ta koya wa uwarsa aikin, kuma duk ranar da babu makaranta takan zaunar da shi kusa da murhu, ta ba shi kwaɓi ya naɗa da hannunsa. Da uban ya ce wannan ba aikin ɗa namiji ba ne, sai ta ce masa, "Bar shi ya koya. Cikin nashi na, shi ka tafiya da shi." Uban bai ƙara magana ba. Tun daga lokacin, in ya dawo daga Sakkwato, yakan riƙo burodi saboda sauran yara, ya kuma tsaya wurin mahauta ya yanki nama na ɗan lulluɓi.